Dalma Ba Ta Tsayawa A Shingen Kwastan

Ga abin da muka tattauna a filinmu na tarihi, mun zuba shi a takarda saboda wanda ranar shirin ta same shi a daji bayan shanu, ko a bayan mota tsakanin Paraku da Cikanda. In ka gama karantawa kar ka naɗe takardar ka cusa a aljihu. Ka karanta wa uwargida, domin rabin maganar tata ce.

Zancenmu na yau a kan dalma ne. Ai ka san ta: ƙarfen nan mai nauyi, mai taushi, ruwan toka, wanda ake samu a cikin batirin mota, da harsashin bindigar farauta, da bakin tarun masunta. Ɗan kasuwa ya san kuɗinta a kan sikeli. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, shekaru aru-aru ke nan dalma tana bin hanyoyin da muke bi da kayanmu, tana sauya kama daga zamani zuwa zamani, kuma duk inda ta bi, zangonta na ƙarshe ɗaya ne: daɓen ɗakin da yaro yake rarrafe. Bari mu bi sawunta tun daga ayarin fatake har zuwa tsakar gidanka a Titiru ko Jugu.

Me ya sa yaro ne abin ji

Ka riƙe wannan tukuna, don shi ne mabuɗin sauran. Jikin mutum ba ya bukatar dalma ko ƙwayar zarra. In ta shiga, jiki yakan ɗauke ta kamar sinadarin da ke gina ƙashi, sai ya adana ta a ƙashi da haƙori shekara da shekaru. Mace in ta sami ciki, abin da ƙashinta ya adana yakan komo cikin jini ya isa ga ɗan da ke ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in babba da ƙaramin yaro suka haɗiye dalma daidai wa daida, abin da jikin yaron zai tsotse ya ninka na babban sau 4 zuwa 5. Ga shi kuma yaro a ƙasa yake wuni, hannu a ƙura, hannu a baki. Yaron da ke fama da yunwa ko ƙarancin jini ya fi kowa tsotsar ta.

In ta yi yawa ƙwarai, sai ka ga ciwon ciki, amai, ƙin abinci, kasala, daga nan jijjiga da suma, wani lokaci rasuwa. In kuwa kaɗan ce, ba ka ganin komai. Yaro na wasa, yana dariya, amma tana cin ƙwaƙwalwarsa a hankali. Sai ya isa makarantar allo ko lakwal a ga ba ya riƙe karatu, ba ya zama wuri ɗaya, a ce daƙiƙi ne ko mai ƙiriniya, har a kai ga duka. Abin da ta cinye a ƙwaƙwalwa kuwa ba ya dawowa.

Likitoci suna auna ta a jini da mikrogiram a kowace desilita. Kar sunan ya dame ka, lambar kawai za ka riƙe: daga 5 ake cewa a tashi a nemo inda dalmar take fitowa, daga wajen 45 ake maganar ba da magani. A shekarar 2020 asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa yaro 1 cikin 3 a duniya, kusan miliyan 800, ya kai 5 ɗin nan ko ya wuce.

Tozali a kayan fatake

Kakanninmu sun san wannan hanya kafin a san kwalta. Ayarin goro yakan taso daga Kano ko Sakkwato, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Paraku, ya yada zango a Jugu, sannan ya nufi Salaga a ƙasar Gwanja. Unguwar Wangara ta Jugu da zangon Paraku duk 'ya'yan wannan fatauci ne. A 1826 Baturen nan Clapperton ya iske wani ayarin Hausawa a Kayama yana komowa daga Gwanja, ya rubuta cewa maza da matan da ke ciki sun haura 1,000.

Manyan kaya su ne kanwa, da tufafi, da fatu, da dabbobi a tafiya, goro a dawowa. Amma a faifan ɗan koli akwai ƙaramin abu mai ƙyalli wanda ba a rasa shi a kowace kasuwa: tozali. Wannan dutse mai sheƙi da ake niƙawa a zuba a tandu, mafi yawansa uwar dalma ce, wato ainihin dutsen da ake narkawa a fitar da dalma. Tun kafin zuwan Turawa ana haƙo shi a kwarin Binuwai.

Ga abin da ya tabbatar. A 2011, a wani asibitin yara a birnin Boston na Amurka, aka gwada jinin wani jariri ɗan wata 6, iyayensa 'yan Najeriya, aka tarar da 13. Aka bincike gidan, ba a sami komai ba, sai tozalin da ake ranbaɗa masa sau uku ko huɗu a mako. An sayo shi ne a bakin titi a Ilori. Da aka auna, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce zalla. Ilori kuwa ba nesa ba ce da mu.

Yadda take shiga ba wuya: jariri ya murza ido, ya kai hannu baki. Mun san matsayin tozali a al'ada da addini, kuma ba muna nan don mu ci mutuncin kakanni ba ne. Ba su da na'urar da za ta nuna musu. Amma inna, ke da kike wankan jego, ido ba ya iya rarrabe tozali mai dalma da marar ita. Idon jariri dai a bar shi yadda Allah ya yi shi.

Fentin bango

Dalma ta biyu ta shigo ne da ginin siminti da ƙofar ƙarfe. Ana zuba ta a fentin mai don ya yi haske, ya bushe da wuri, ya jure damina.

A 1904 wani likita a birnin Birisben na Ostiraliya, sunansa Lockhart Gibson, ya rasa gane abin da ke lalata idanu da ƙafafun yaran da ake kawo masa. Sai ya bi su gida. Ya tarar suna wuni a baranda, rana ta gasa fentin baranda ya zama gari, garin na manne wa hannun yaro mai gumi, hannu kuma na zuwa baki. A 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniyar taƙaita farar dalma a fentin cikin gida. Amurka ba ta hana fentin gida mai dalma ba sai 1978. Ka lissafa yaran da aka haifa tsakanin 1904 da 1978.

A nahiyarmu kuwa, gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe da dama bayan shekarar 2000, har da Najeriya, sun sami dalma mai yawa a fentin mai da ake sayarwa a shaguna, musamman rawaya da ja da ruwan lemo. Haddin da duniya ke kira a bi yanzu shi ne kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan. To malam, kai da ke haya a Titiru, dubi tagar ɗakinka da ƙofar. In fentin na ɓarewa yana zuba, kada a kankare shi a bushe yara na zaune. A jiƙa, a tattara, a fitar, a goge daɓen da tsumma mai ruwa.

Shekarun da iska ta ɗauki dalma

Ta uku ita ce ta fi kowace yaɗuwa, domin ba ta tambayi mai kuɗi ko talaka ba.

A 1921 wani injiniya na kamfanin General Motors, Thomas Midgley, ya gano cewa in aka ɗiga wani haɗin dalma a fetur, injin mota yakan daina ƙwanƙwasa. A 1923 aka fara sayarwa. A watan Oktoba na 1924, a wata matatar mai a jihar New Jersey, ma'aikata 5 suka haukace suka mutu, wasu da dama suka kwanta asibiti. Duk da haka aka ci gaba, don ribar ta yi yawa. Shekara da shekaru kowace mota mai shan fetur tana fesa garin dalma ta salansa, a shaƙa, saura ya sauka a kan ƙasa da abincin bakin titi.

Sai da masana suka dage. A 1965 Clair Patterson ya nuna cewa dalmar da ke jikin mutanen zamani ta ninka ta mutanen da sau da yawa. A 1979 likita Herbert Needleman ya tattara haƙoran da yara 'yan firamare suka famɓare, ya nuna cewa masu dalma da yawa a haƙori su ne a baya a aji. Amurka ta yi ta ragewa har ta hana gaba ɗaya a motoci a 1996.

Mu fa? Mu aka bari da shi. Ka tuna shekarun 1980 da 1990, lokacin da kwalaben kpayo suka cika bakin kowane titi daga Kwatano har Malanbil, 'yan zem suka cika gari? Mafi yawan man nan daga Najeriya yake ƙetarowa, a jarka, a bayan babur, ta Cikanda da Nikki da sauran hanyoyin da ka fi mu sani. A wancan zamani man Najeriya yana ɗauke da fiye da rabin giram na dalma a kowace lita. Mai sayarwa ya zuƙa da tiyo a baki, ya wanke hannu da shi in ya taɓa baƙin mai, a kwana da jarkoki a ɗaki ɗaya da yara. Ba wanda ya gaya masa. Wani bincike da aka wallafa a 2000 a kan ƙananan yara a Jos ya sami kashi 70 cikin 100 sun haura 10.

A watan Yuni na 2001 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka haɗu a Dakar suka yi alkawarin daina mai mai dalma kafin ƙarshen 2005. A 2002 aka sake zama a Kwatano musamman kan Najeriya da maƙwabtanta, don kowa ya gane cewa in matatar Najeriya ba ta daina ba, dokar Benin da ta Nijar takarda ce kawai. Farkon 2006 aka cika alkawari. Ƙasa ta ƙarshe a duniya ita ce Aljeriya, a 2021, shekara 100 cif bayan Midgley.

Abu biyu za ka ɗauka a nan. Na farko, man yau ba a zuba masa dalma, ko da yake gobararsa da tururinsa suna nan. Na biyu, dalma ba ta ruɓewa. Wadda ta sauka a ƙasar tsofaffin tashoshi da garejoji da bakin manyan tituna tana nan kwance, hunturu ya tashe ta, takalmi ya kai ta ɗaki.

Zamfara: ranar da aka shigo da dutse cikin gida

Yanzu ka gyara zama, don nan ne zuciyar maganar, kuma mutanen da abin ya faɗa wa 'yan'uwanmu ne, harshe ɗaya, tuwo ɗaya.

Daga ƙarshen 2008 zuwa 2010 kuɗin zinariya ya tashi a duniya, daga wajen dala 800 zuwa sama da dala 1,200 a kan oza ɗaya. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, manomi ya ga abin da zai samu a rami cikin mako ya fi na gona a wata. Wa zai ga laifinsa? Aka riƙa haƙo dutse ana zubawa a buhu ana kawowa gida, don a gida ne ba mai sace maka, kuma a gida ne mata za su taya aiki. Aka fasa da guduma, aka daka a turmin da ake surfe, aka niƙa a injin niƙan hatsi, aka shanya a tsakar gida. Dutsen kuwa cike yake da dalma.

Agwagi ne suka fara mutuwa. Ba wanda ya kula. Daga nan sai yara. Yaro ya fara amai, ya shiga jijjiga, kwana biyu a kai shi makwanci. Aka ce sanƙarau ne, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba da magani bai yi ba. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, da ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura. Aka aika da jini waje, sakamako ya dawo: dalma.

Masu bincike suka shiga ƙauyuka biyu gida-gida. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu a shekara ɗaya. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Cikin rayayyun da aka gwada, kashi 97 cikin 100 sun kai 45 ko sun wuce. Ƙaramar na'urar gwajin tana tsayawa a 65, amma jinin yara da yawa ya fi ƙarfinta. A wasu wuraren ƙasar ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali haddin da Amurka ta sa a lokacin ga wurin wasan yara 400 ne. Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza, Bagega: aƙalla yara 400 aka binne, dubbai suka rayu da gubar a jiki, wasu makafi, wasu ba sa iya tafiya.

Ka lura da yadda aka shawo kan abin, don darasin yana nan. Akwai maganin da ke janyo dalma daga jini ta fita ta fitsari. Amma likitoci suka ce ba amfanin ba yaro magani a mayar da shi ɗakin da ya sa masa ciwon, kamar ɗiban ruwa ne da kwando. Saboda haka sai aka fara da gida. Sarakuna da hakimai suka ba da umarni a fitar da niƙan dutse bayan gari. Matasan ƙauye suka ɗauki fartanya da shebur, suka kankare saman ƙasar kowane gida, aka kwashe a buhu aka binne a rami mai nisa, aka kawo sabuwar ƙasa aka shimfiɗa. Sai bayan nan magani ya yi aiki, mutuwa ta ragu ƙwarai. Bagega, wadda ta fi girma, ta jira kuɗin aikin har 2013, yaranta na zaune cikin gubar. MSF ba ta miƙa aikin ga hukumomin jihar ba sai 2022.

Ka ce an ji tsoro an daina? A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu, hanya ɗaya, dalili ɗaya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A kan hanyar Jugu zuwa Natitingu akwai Perma, inda aka daɗe ana wankin zinariya, kuma samarinmu da yawa suna tafiya ramuka a ƙasashe maƙwabta su dawo da buhu da tufafin aiki. Ba kowane dutsen zinariya ke da dalma ba, amma ba ka da hanyar sani da ido. Dutse dai kada ya kwana a gida, kada ya taɓa turmi ko injin da abinci ke bi.

Tsohon batir: yaro da ɗan maraƙi

Mafi yawan dalmar da ake amfani da ita a duniya yau a cikin batir take. Da a mota kawai muka san shi. Yanzu kuwa kowace ruga da farantin sola, kowane shago da batirin caji, kuma in ya mutu akwai mai saye.

A unguwar Ngagne Diaw ta Thiaroye, a gefen Dakar, mutane sun yi shekaru suna fasa tsofaffin batura suna narka dalmar a fili. Da kuɗinta ya tashi, mata suka koma tankaɗe ƙasar wurin don tsintar ɓurɓushi, har suna ɗaukar ƙasar a buhu zuwa gida. Tsakanin Nuwamba 2007 da Maris 2008 yara 18 suka rasu. Ka ga labarin Zamfara ne sak, sai dai can batir, nan dutse: sana'a ta shiga ɗaki, yaro ya biya.

Kai kuma makiyayi, wannan taka ce. Likitocin dabbobi sun daɗe da sanin cewa yasasshen batir yana cikin manyan abubuwan da ke sa wa shanu gubar dalma. Saniya akwai son lasa, balle ɗan maraƙi. Batir ɗaya da ya fashe a juji ko a tsohon mashekari yana iya kayar da dabbobi da yawa. Alamunta: dabba ta makance farat ɗaya, tana kuka ba dalili, tana cizon haƙora, tana dafa kai a jikin itace, tana tangaɗi, ta faɗi tana shure-shure. In ka ga haka bayan garke ya bi ta juji ko bayan gareji, ka nemi malamin dabbobi, ka koma ka duba inda suka yi kiwo. Kada a sha nononta, kada a yi wagashi da shi, kada a ci hanta da ƙodarta, kada kuma a lallaɓa a kai ta kasuwar Turu ko Kolokonde a sayar wa wani bawan Allah. Ka tuna agwagin Zamfara. Dabba takan riga yaro faɗuwa, kuma mai kula ya sami gargaɗi kyauta.

A nan gida Benin

Kada ka ce duk labarin wasu ƙasashe ne. A Alada, kudancin ƙasar nan, masu bincike sun gwada jinin yara 685 'yan shekara 1 zuwa 2, aka wallafa sakamakon a 2016. Kashi 58 cikin 100 sun haura 5, iyaye mata kuma kashi 44. Wannan fa shekaru bayan an daina mai mai dalma, kuma ba garin haƙar zinariya ba ne. Cikin abubuwan da aka ga suna tafiya tare da yawan dalmar akwai ruwan famfo, da cin naman dajin da aka harbe da harsashin dalma.

Wannan na biyun ya shafe mu a arewa, inda farautar rani ta gayya take al'ada babba a Paraku da kewaye. Harsashi in ya shiga nama yakan tarwatse ya zama ƙanana-ƙananan da haƙori ba ya ji. A yanke wurin raunin da faɗi a zubar, kuma mai ciki da ƙaramin yaro su haƙura da naman bindiga. Ruwan famfo kuma, wanda ya kwana a bututu, a bar shi ya ɗan zuba kafin a tara na sha.

A ƙara da tukunya. Wani gwaji da aka wallafa a 2014 a kan tukwanen da maƙera ke zubawa da tarkacen ƙarfe a Kamaru ya nuna da yawansu suna sakin dalma a girki. In maƙeri ya haɗa da tarkacen inji da lagireto, abin da ya narka shi za ka ci. Ka tambayi maƙerinka da me yake zubi, kuma kada miya mai tsami ta kwana a irin wannan tukunya.

Abin da ya rage gare ka

Ka duba tarihin nan daga farko. Gibson ya yi magana a 1904, aka yi shekara 74 kafin Amurka ta ji. Ma'aikata sun mutu a 1924, aka yi shekara 97 kafin a rufe famfon ƙarshe. Duk lokacin da aka jira hukuma, yara ne suka biya kuɗin jiran. Kuma duk inda aka ci nasara, ba a asibiti aka fara ba, a bakin ƙofa aka tare ta.

Jami'in kwastan yana duba takardar kaya, ba ya duba ƙurar da ke jikin rigarka. Wannan shingen naka ne. In sana'arka ta haɗa da batir, ko walda, ko fenti, ko gyaran lagireto, ko rami, ka bar tufafin aiki da takalmi a wurin aiki, ka yi wanka kafin ka ɗauki ɗanka. Kada a fasa batir ko a narka dalma a cikin unguwa, kada a ajiye mataccen batir a ɗakin kwana ko inda maruƙa ke kaiwa. A kai wa mai saye yadda yake, ba a fasa ba. Uwargida, a yayyafa ruwa kafin shara, a wanke hannun yaro da sabulu kafin ya ci abinci, a shimfiɗa masa tabarma. Yaro ya karya kumallo da wuri, don cikin da ba komai ya fi tsotsar dalma. Nono mai kyau, wake, kifi, zogale, duk suna taimakawa. In kuma yaro ya yi jijjiga, ko ciwon cikin da ya ƙi jin magani, ka kai shi asibiti, ka buɗe baki ka gaya wa likita irin aikin da ake yi a gidanka. Wannan kalma ɗaya tana iya nuna masa hanya.

Kai kuma mai shigo da kaya, ka tambayi dilan fenti ko mai dalma ne, ka duba jikin gwangwani. In masu saye suka yi ta tambaya, masu kawowa za su sauya. Fataken da can ba su san abin da ke cikin tandu ba, mai kpayo na 1990 bai san abin da ke cikin kwalba ba, uban yaran Dareta bai san abin da ke cikin buhu ba. Kai yau ka ji. Ka kai maganar majalisa, ka kai ta wurin ardo da sarkin zango da liman.

Allah ya raya mana zuriya, ya tsare garke, ya sa a sauka lafiya. Sai mun haɗu a fili na gaba.